Layin Da Na Ja A Wuyan Baffa

Makon jiya aka yi wa ajujuwan makarantar da nake koyarwa sabon fenti. Ina shiga harabar sai warin ya tare ni, warin nan na fentin mai da aka sirka da kananzir. Abokan aikina suna ta toshe hanci suna mita, ni kuwa na nemi benci na zauna, hannuna a wuya. Mace mai 'ya'ya huɗu, amma wari kawai ya mayar da ni yarinya 'yar shekara tara, tsaye a gaban katangar Baffa da ƙusa a hannu. Bari in ba ka labarin ko da za ka yi mini dariya, don wanda abin ya shafa ma dariyar ya fara yi.

Ƙauyenmu yana gefen hanyar Minjibir, cikin ƙauyukan nan da gona ke farawa daga bakin dangar gida. Da damina in gero ya tashi ba ka hango rufin maƙwabci, sai dai ka ji dakansu. Gidanmu babba ne, akwai Baba da Inna da mu yara, ga Kaka mahaifiyar Baba a ɗakinta na gindin darbejiya, sai kuma Baffa, ƙanen Baba, da yake zaune a shagon da ke manne da zaure.

Baffa mai zane ne. Ya yi shekaru a Kano yana zanen bayan manyan motoci, zaki da ɗawisu da jirgin sama, har ya dawo gida da ƙarfin Kaka ya fara ja baya. Ya dawo da talabijin da bidiyo da ƙaramin janareto mai tari, ya jera bencina a rumfar da ya kafa jikin shagonsa, wurin ya zama gidan kallon ƙauyen. Da yake sunan Kaka aka sa mini, bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Shi ne mutum ɗaya a gidan da ba ya yi mini tsawa in na yi kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ni kuwa matsoraciya ce ta bugawa a jarida. Ƙadangare ya gyaɗa mini kai, na fasa zuwa aiken. Duk gwangwanin fentin da ya ƙare ni Baffa yake ba wa, in wanke in yi tuwon ƙasa a ciki, shi ya sa warin ya zauna mini a hanci har yau.

Wata bazara, lokacin da zafi ke hana kowa sakat ana jiran ruwan shuka, Baffa ya yaɓe katangar shagon ta waje da siminti, ya shafe ta da fari, ya hau zane. Kwana tara ya yi yana aikin, daga hantsi zuwa la'asar, mutane suna tsayawa da jakunansu suna kallo. Da ya gama sai ga mutum uku, kowanne ya fi Baba tsawo. Duk 'yan wasan barkwanci ne na da, waɗanda manya suka sani tun zamanin da unguwa guda ke taruwa a gaban talabijin ɗaya. Na farko tsoho ne riƙe da yagaggiyar laima. Na biyu gajere mai tumbi, ya rungume zakara. Na ukun dogo ne mai wushirya, da 'yar hula da ta yi masa kaɗan, yana dariya har ana ganin dasashinsa. Can ƙarshen katangar ta ƙasa Baffa ya zana kansa ɗan ƙarami, tsawona kawai, da buroshi a hannu yana ɗaga kai yana kallon su.

Baba bai so abin ba. Na ji ya ce masa a zaure, “Yanzu ka rasa abin da za ka zana a jikin gidan mutane sai 'yan wasa?”

Baffa ya ce, “Yaya, ka manta shekarar da gero ya ƙi? Da me muke kwana in ba dariyar mutanen nan ba? Ba ni da abin da zan ba su sai katanga.”

Baba ya yi tsaki ya wuce, amma na lura duk sanda ya zo daidai mai zakaran sai ya kau da kai, don kada a ga yana murmushi.

Kowa zanen dariya yake ba shi ban da ni. Idon mai wushiryar nan bin mutum yake yi. Ka tsaya ta hagu yana kallon ka, ka koma ta dama yana kallon ka. In an aike ni markaɗe sai in rufe gefen fuskata da hijabi in wuce da gudu, har wake ya taɓa zube mini a ƙofar gida. Amma wannan ƙaramin tsoro ne. Babban yana Islamiyya yana jira na.

Damina ta sauka, an yi noman fari, gero ya kai gwiwa. Wata ranar Laraba da yamma Malam yana mana karatu a ƙarƙashin rumfar kara, ƙasa tana ta ƙamshin ruwan da aka ɗauke, sai ya zo kan maganar hoto. Ya ce wanda yake zana abu mai rai, ranar lahira za a kawo masa abin da ya zana a ce ya busa masa rai, kuma ba zai iya ba. Bai ambaci kowa ba, bai ma ɗaga murya ba. Amma yara biyu suka waiwayo suka kalle ni. Ni kuwa tuni na hango Baffa a filin tashin alƙiyama, rana a tsakiyar kai, an tsayar da mutanen nan uku a gabansa, yana ta hura musu iska a baki har jijiyar wuyansa ta tashi, mai wushirya yana yi masa dariya.

Wata babbar yarinya ta ce, “Malam, to mu da ake sa mu zana akuya a makarantar boko fa?”

Malam ya ce, “In ya zama dole, ki ja layi a wuyanta, ki raba kan da gangar jiki. Abin da aka raba kansa da jikinsa ba mai rai ba ne.”

Ban ji sauran karatun ba. Na dawo gida da abu biyu a raina, cewa Baffana yana cikin haɗari, kuma akwai magani. Ban yi tunanin in faɗa masa ba, don a gidanmu yaro ba ya yi wa babba wa'azi. Ban faɗa wa Inna ba, don na san za ta ce in rufe mata baki. Na dai zaro wata doguwar ƙusa daga tsohon ƙyauren garken awaki na ɓoye ta a gwangwanina.

Ranar Juma'a maza duk suka tafi masallaci Minjibir, har da Baffa a kan kekensa. Mata suna cikin gida, rana ta take, ko kaza ba ta motsi. Na mirgino tsohon turmin da ke kife a ƙofar zaure na jingina shi da katangar, na hau. Ban taɓa matsowa kusa da su haka ba. Daga kusa fuskar mai laima ba fuska ba ce, dabbare-dabbaren launi ne kawai, amma duk da haka sai da na ce masa ya yi haƙuri. Na yi bismilla na ja ƙusar. Ƙarar da ta yi a jikin simintin har cikin haƙorana na ji ta. Farin layi ya fito daga wannan gefen wuya zuwa wancan. Na matsa na yi wa mai zakara, na yi wa zakaran ma, don shi ma mai rai ne. Da na zo kan mai wushirya ido na rufe, shi ya sa layinsa ya karkace.

Na sauko ke nan zan gudu sai muka yi ido huɗu da ɗan ƙaramin Baffa mai buroshi. Na tsaya ina tunani irin na yaro. Wannan ma ai hoto ne, shi ma za a ce ya busa masa rai. In na bar shi, aikina bai cika ba. Shi ba sai na hau turmi ba, wuyansa daidai fuskata yake. Na ja layin, kuma saboda tsoro sai na danna da ƙarfi, ya fi sauran zurfi. Na mayar da turmin, na jefa ƙusar cikin gonar gero, na shiga gida na sha ruwa moɗa biyu. Wallahi a ranar ji nake na yi aikin lada.

Da suka dawo daga masallaci ina leƙe ta ramin danga. Baffa ya jingine keken ya tsaya a gaban katangar. Ya bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan nasa sai ya shafa wuyansa. Mutane suka taru. Wani ya ce aikin yara ne, wani ya ce wane yaro ne zai kai can sama. Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ba a rasa ta a duk inda aka taru, ta tafa hannu ta ce, “Wannan ba ɓarna ba ce, yanka ne. Wanda ya yanka hoton mutum, ai mutumin yake nufi. Allah ya tsare, amma ku zuba ido.”

Ka san yadda magana ke shiga kunnen yaro ta zauna. Malam ya ce layi magani ne, tsohuwa ta ce yanka ne, ni kuma duka biyun manya ne a wurina. Na fara lallashin kaina cewa Malam ya fi ta sani. Na yi kwana shida ina wannan lallashi.

Rana ta bakwai da la'asar Baba yana gindin darbejiya yana gyara ƙotar fartanya, rediyonsa a gefe, ni ina tankaɗe wa Inna gari. Sai aka katse shiri aka yi sanarwar rasuwa. Aka faɗi suna, aka ce shahararren ɗan wasan barkwanci, za a yi jana'iza a Kano. Baba ya ajiye fartanyar ya yi salati, ya ɗaga murya ya kira Baffa ya ce, “Mutuminka mai wushirya ya rasu.”

Rariyar ta suɓuce daga hannuna. Inna ta yi mini faɗan garin da ya zube, ban ji ko kalma ɗaya ba. Abin da kawai nake ji shi ne ƙarar ƙusa a jikin siminti. Na kashe mutum. Ni da ko kiyashi nake tsallakewa, na hau turmi na yanka bawan Allah da bai san da zamana a duniya ba. Na tambayi yayata a asirce ko mai laima da mai zakara suna nan, ta ce ai waɗannan sun daɗe da rasuwa. A lissafina sai ya zama ukun duk sun tafi. Saura mutum ɗaya a jikin katangar, kuma layinsa ya fi na kowa zurfi.

Daga ranar na zama inuwar Baffa. In ya tafi gona ina bakin danga har ya dawo. In ya hau keke sai in bi shi da ido har ya ɓace. In ya yi tari sai in kalli wuyansa. Na kwaɓa laka na cike layin hotonsa da sassafe kafin a fito, da azahar aka yi ruwa ya wanke ta, farin layin ya fito tas ya fi da haske. Na sake gwadawa da ƙaron da na ɓamɓaro a jikin bishiya, tururuwa suka cinye. Na shiga gonar gero ina neman ƙusar, wai ko in na same ta na binne abin zai warware, ban samo komai ba sai ƙaiƙayi.

Sai Baffa ya kwanta. Zazzaɓin damina ne, wanda duk shekara sai ya zagaye gidan, amma ni na san ba shi ba ne. Janareto ya yi shiru, aka kife bencina. Na leƙa shagon na gan shi a kan tabarma an lulluɓe shi da bargo da tsakar rana, haƙoransa suna haɗuwa. Kaka tana dafa masa ganyen darbejiya da na gwanda yana turare, ɗacin ya cika gidan. Tsohuwar maƙwabciyar nan ta shigo gaisuwa, tana fita na ji ta ce wa Inna ƙasa-ƙasa, “Ban faɗa ba?” Na kasa cin tuwo. Ina son in yi addu'a, amma ina jin kunyar Allah, don ban san ko ana karɓar addu'ar wanda ya yi kisa ba.

Kaka ce ta gano ni. Kwana na uku da kwanciyarsa tana zaune tana tsinke zogale, ta kira ni in taya ta. Ta daɗe tana kallon hannuna kafin ta ce, “Ƙawata, shi ke ciwo, ke kike ramewa. Me kika haɗiye?”

Ban san sanda na kifa kaina a cinyarta ba. Na ce ni ce. Na ce ni na yanka su, ni na kashe mai wushirya, kuma Baffa ma mutuwa zai yi. Na zaci za ta yi salati ta ture ni. Sai ta kakkaɓe zaninta ta miƙe da ƙyar, ta kama hannuna ta ce, “Zo ki faɗa wa mai wuyan da bakinki.”

Tafiyar daga ɗakin Kaka zuwa shagon ba ta fi taku ashirin ba, amma ban taɓa yin doguwar tafiya irinta ba. Baffa yana jingine da bango, idonsa ya faɗa. Na durƙusa a bakin ƙofa na maimaita, majina da hawaye duk sun haɗe. Ya kalle ni, ya kalli Kaka, sai ya fashe da dariya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Kaka tana bubbuga masa baya tana ce masa ja'iri.

Da ya samu numfashi ya ce, “Uwata, mutumin nan shekara biyu yana jinya. Don na ji ba shi da lafiya ne ma na yi sauri na zana shi, ko labari zai kai masa ya ji daɗi. Ƙusarki ba ta kai Kano ba. Ni kuma sauro ne ya kayar da ni, kin ga shaidarsa a ƙafata.” Ya goge ido ya ce, “Amma me suka yi miki kika yanka su?”

Na faɗa masa abin da Malam ya ce. Na ce ba na son a ce ya busa musu rai ya kasa.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa, da fentin da ya maƙale a gefen farce wanda ba ya fita ko da kananzir. Can ya ce in matso, ya ɗora tafinsa mai zafi a kaina ya ce, “To na gode. Je ki ci tuwo.”

Ya warke a cikin makon. Kowa ya zaci zai ɗauko buroshi ya gyara zanen, don aikin minti kaɗan ne a wurinsa. Bai gyara ba. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce a bar su haka, sun fi kyau. Bai taɓa faɗa wa kowa wanda ya yi ba, har tsohuwar maƙwabciyarmu ta koma ga Allah tana zargin wani mai shayi da ba ruwansa. Mutanen nan huɗu suka ci gaba da dariya da fararen layuka a wuya, rana da ruwa suna cin launinsu a hankali. Baffa ya ci gaba da zane, amma na lura daga baya furanni da rubutun alluna suka fi yawa a aikinsa. Ban taɓa tambayar sa dalili ba.

Yanzu babu gidan kallo a ƙauyenmu, kowane yaro da nasa kallon a tafin hannu. Rumfar ta zama wurin cajin waya, an shafe katangar da shuɗin fenti tun ina aji uku a sakandare. Yaran da ke zama a wurin ba su san akwai mutum huɗu a ƙarƙashin shuɗin ba, in ka faɗi sunan 'yan wasan ma sai su tambaye ka su waye.

Bara da kaka, ana tsakiyar yankan dawa, aka yi mini waya cewa jikin Baffa ya yi tsanani. Na hau motar Minjibir na isa da hantsi. Yana kwance a shagon nan dai, gemunsa fari fat, carbi a hannu. Na gaishe shi, ya daɗe kafin ya gane ni. Da ɗakin ya rage daga ni sai shi, ya yafito ni da yatsa. A idonsa na ga abin da na sani sarai, irin tsoron da ya hana ni cin tuwo ina 'yar shekara tara.

Ya ce, “Uwata, ran nan duka kika yanka su?”

Na ce, “Duka, Baffa.”

“Har zakaran?”

“Har zakaran.”

Ya ja carbi, sannan ya ce, “Ni fa?”

Na ce, “Naka ya fi na kowa zurfi.”

Ya lumshe ido, na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ce alhamdu lillahi, har sau biyu. Ni ba malama ba ce a wannan fanni, ban san abin da layin ƙusa yake ɗauke wa mutum a gaban Ubangiji ba, rahama tasa ce. Na dai san da zan fita na tsaya a jikin katangar na shafa ta ƙasa-ƙasa, daidai tsawon yarinya, sai yatsana ya faɗa cikin ɗan kwarmin. Fenti ya rufe fuskar, amma bai cike layin ba. Bayan kwana huɗu aka yi mini wayar rasuwarsa.